Ganin Magana da Ido: Hoton Maganaɗisu a Nazarin Furuci da Lalurorinsa

Gabatarwa



Ina roƙon ku yi mini izini in fara da labarin gida. Ni mutumin ƙasar Kudan ne, ƙasar rake da tumatir da mazarƙwaila. Ina da wani baffa, Allah ya jiƙansa, wanda dillancin rake shi ne sana'arsa, tsakanin gonakin Kudan da Hunkuyi da kasuwar Makarfi. Mutum ne wanda bakinsa shi ne jarinsa. Idan ya tsaya tsakanin manomi da mai saye, ba ya barin wurin sai an yi sallama kowa yana dariya. Wata rana da asuba ya tashi zai yi alwala, sai buta ta suɓuce daga hannunsa na dama, bakinsa ya karkace. Daga wannan rana har ya koma ga Mahaliccinsa, kalma ɗaya ce ta rage masa, ita ce "to". Idan an gaishe shi, "to". Idan yana jin ƙishirwa, "to". Idan ransa ya ɓaci, sai ya yi ta maimaita ta, hawaye na zuba. Wasu suka ce iska ce ta buge shi, wasu suka ce abokan sana'a ne suka ɗaure masa baki, har yara suka ɗauka hankalinsa ya gushe. Alhali kuwa yana jin duk abin da ake faɗa, yana kuma gane shi.

Abin da nake so in nuna muku a yau shi ne, magana aiki ce ta gaɓoɓin jiki, kamar tafiya, kamar saƙa, kuma yanzu an sami na'urar da ke nuna wannan aiki ƙuru-ƙuru yayin da ake yin sa. Idan kuwa ana iya ganin magana, to ana iya ganin inda ta sami tangarɗa, a daina ɗora wa mai lalura laifin da ba nasa ba. Zan bi batun daki-daki: abin da magabata suka sani, yadda na'urar take aiki, abin da ta nuna game da Hausa, abin da ta nuna game da lalurorin magana, sa'an nan abin da ya rataya a wuyanmu.

Abin da Magabata Suka Sani

Ba yau aka fara binciken mafitar sauti ba. Tun a ƙarni na 8, Halilu ɗan Ahmadu, malamin Basra, ya jera ƙamusunsa bisa wuraren da haruffa ke fita, ya faro daga maƙogwaro ya gangaro zuwa leɓɓa, shi ya sa aka kira littafin da sunan harafin ainun. Ɗalibinsa Sibawaihi ya faɗaɗa bayanin. A ƙarni na 11 Ibnu Sina, da yake likita ne, ya rubuta ɗan littafi a kan dalilan aukuwar haruffa, ya haɗa da fasalin maƙogwaro da harshe. Duk wanda ya yi karatun tajwidi a zaurukan Zariya ya san mafitai goma sha bakwai da Ibnul Jazari ya ƙidaya. Waɗannan bayin Allah ba su da na'ura sai kunne mai kaifi da lura da bakinsu.

Mu ma a Hausa muna da sunayen gaɓoɓin furuci, waɗanda ɗalibai suke samu a littattafan Farfesa Mu'azu Sani Zariya. Idan ka ɗora harshenka a bayan haƙoran sama, tudun da ka taɓa shi ne hanƙa. Idan ka ja shi baya, rufin baki mai tauri shi ne ganɗa. Bayanta akwai wuri mai taushi, shi ne hanɗa, wadda beli yake reto a ƙarshenta. Can ƙasa a cikin wuya akwai maƙwallato, mai ɗauke da tantani biyu waɗanda karkarwarsu ce ke ba da murya. Tsokoki kusan 100 ne suke haɗuwa su yi wannan aiki, tun daga ƙirji har zuwa leɓɓa, kuma a hira ta yau da kullum mutum yakan furta sauti fiye da goma a cikin sakan ɗaya.

Matsalar ita ce, mafi yawan wannan aiki a ɓoye ake yin sa. Bayan da Röntgen ya gano hasken eksire a 1895, masana sun yi amfani da shi wajen leƙen harshe, amma hasken ya fi nuna ƙashi a kan tsoka, kuma yawansa yana cutar da jiki. Peter Ladefoged, wanda ya fitar da littafinsa a kan sautukan harsunan Afirka ta Yamma a 1964, yakan yi amfani da wata dabara ta shafa baƙin gari a rufin baki, a furta kalma, sa'an nan a duba inda harshe ya share. A 1992 kuma Geoffrey Lindsey da Katrina Hayward da Andrew Haruna suka auna motsin tantanin maƙwallato a baƙaƙen Hausa ta hanyar ɗora na'ura a wuya. Kowace dabara ta nuna wani yanki. Babu wadda ta nuna leɓe da harshe da hanɗa da maƙwallato gaba ɗaya, suna motsi, ba tare da cutar da mai magana ba.

Yadda Na'urar Take Aiki

Na'urar da muke magana a kanta likitoci suna taƙaita sunanta da haruffa uku, MRI. Mu za mu kira ta na'urar hoton maganaɗisu. Asalinta binciken Felix Bloch da Edward Purcell ne na 1946. A 1973 Paul Lauterbur a Amurka ya nuna yadda za a mayar da wannan ilmi hoto, Peter Mansfield a Jami'ar Nottingham ta Ingila ya gano hanyar hanzarta shi, aka ba su biyun lambar Nobel a 2003.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Kusan kashi 60 cikin 100 na jikin babban mutum ruwa ne, kuma a cikin ruwa akwai sinadarin haidurojin. Cibiyar ƙwayar zarrar haidurojin tana juyawa kamar katantanwar da yara ke murzawa, tana kuma da ɗabi'ar ɗan ƙaramin maganaɗisu. A kullum waɗannan cibiyoyi a warwatse suke, kowace ta fuskanci inda ta ga dama. Idan aka kwantar da mutum a cikin babban maganaɗisu, sai wani kaso daga cikinsu ya daidaita sahu. Ma'aunin ƙarfin maganaɗisu sunansa tesla, kuma na'urar da ta fi yawa a manyan asibitoci mai tesla 1.5 ce, watau ta ninka maganaɗisun ƙasa, wanda ke juya allurar kamfas, kamar sau 30,000.

Sa'an nan sai a aika musu da igiyar rediyo mai zango daidai da juyawarsu, wajen megahaz 64 a irin wannan na'ura, ƙasa kaɗan da zangon da kuke kama tashoshin FM. Igiyar sai ta ture su daga sahu. Da an ɗauke ta sai su komo, suna mayar da amo wanda na'urar ke saurara. Kun san idan aka ƙwanƙwasa tulu, amon mai ruwa daban, na fanko daban. Haka tsoka da kitse da ƙwaƙwalwa kowanne yake da irin nasa amo. Hikimar Lauterbur ita ce ya sa ƙarfin maganaɗisun ya ɗan bambanta daga wannan wuri zuwa wancan, ta yadda kowane wuri a jiki zai amsa da nasa zango, kamar yadda kowace tashar rediyo take da gurbinta a akwati. Kwamfuta ita ke tattara amon ta zana hoto. Iska ba ta mayar da amo, saboda haka kogon baki da na hanci sukan fito baƙi, harshe da hanɗa da leɓɓa su fito da haske, kamar an tsaga kai biyu ana kallonsa ta gefe. Babu yanka, babu hasken eksire.

Da farko na'urar tana da nawa. A binciken Thomas Baer da abokansa na 1991, sai mai magana ya riƙe wasali ɗaya yana ja yana maimaitawa kafin a sami siffar bakinsa. A 2004 Shrikanth Narayanan da jama'arsa a Jami'ar Kudancin Kalifoniya suka nuna magana tana gudana, da sauri kwatankwacin na hoton silima. A 2010 ƙungiyar Jens Frahm a garin Göttingen na Jamus ta kai hoto 50 a sakan, daga baya mutanen Kalifoniya suka riƙa ɗaukar 83. Daga nan aka fara kallon magana kamar yadda ake kallon majigi.

Hausa a Cikin Na'ura

To ina ruwan Hausa da wannan? Ruwanta babba ne, domin Hausa tana da baƙaƙen da Turanci da Larabci ba su da su, watau masu ƙugiya da 'yan'uwansu. Ku duba kafa da ƙafa, bata da ɓata, daka da ɗaka. Ƙugiyar nan ƙarama ita ce ta raba ma'ana da ma'ana.

Mafi yawan sautukan magana iskar huhu ce ke ɗauke da su. Amma ƙ da ts, waɗanda ake kira tunzuɗau, ba haka suke ba. Wajen furta ƙ, mai magana yakan rufe tantanin maƙwallato, ya toshe baki da doron harshe a hanɗa, sa'an nan maƙwallato ya yi sama ya matse 'yar iskar da ta maƙale a tsakani, kamar yadda famfon keke yake yi. Da an buɗe sai ta fito da ƙara. Kowa ya ɗora yatsa a maƙogwaronsa ya ce kafa, ya kuma ce ƙafa, zai ji tsallen da ya yi a ta biyu. Su kuwa ɓ da ɗ, waɗanda ake kira haɗiyau, abin da aka daɗe ana koyarwa shi ne maƙwallato ƙasa yake yi, shi ne ya bambanta su da b da d.

Wannan bayani shi ne Miran Oh da Dani Byrd da Louis Goldstein da Narayanan suka gwada. Sun shigar da masu jin Hausa cikin na'ura a Kalifoniya, suka bi hawa da saukar maƙwallato hoto bayan hoto. Sun fara ba da rahoto a 2018, cikakken sakamakon ya fito a mujallar Phonetica a 2024. Game da tunzuɗau, na'ura ta gaskata malamai: maƙwallato yana hawa fiye da yadda yake yi a takwarorinsu na iskar huhu. Game da haɗiyau kuwa, sai aka ga abin da ba a zata ba. Ashe a b da d ma maƙwallato yana sauka, kuma zurfin saukar ba shi ne ya raba su da ɓ da ɗ ba. Abin da ya raba su shi ne lokaci, watau tazarar da ke tsakanin rufewar baki da motsin maƙwallato. An kuma ga cewa wannan tazara ta fi tsayawa daram a tunzuɗau, sa'an nan haɗiyau, sa'an nan sauran baƙaƙe.

Ina so ku riƙe wannan, domin shi ne ƙashin bayan laccar. Furuci ba sanin inda za a ɗora harshe ba ne kawai. Sanin yaushe ne. Ku tuna mata uku suna lugude a turmi ɗaya: kowace ta san turmin, kowace tana da taɓarya, amma idan ɗaya ta riga ko ta makara da ƙiftawar ido, sai taɓare su yi karo. Yaron Likoro ɗan shekara biyar da ya ce ɓera daidai, ya ƙware a luguden da ake aunawa da ɗan yankin sakan, ba tare da wani ya koya masa da allo ba.

Akwai sauran tambayoyi da yawa da ke jiran irin wannan awo. Muna da ra iri biyu, ra-kaɗe da ra-gare, waɗanda suka raba bara mai yi wa ubangida hidima da bara ta almajiri, ko da yake rubutu ya haɗe su. Muna da baƙin da ke farkon kalmar 'ya'ya, wanda furucinsa ya bambanta tsakanin Kano da Sakkwato. Muna da karin sauti, wanda ya raba kuka na hawaye da kuka ta miya. Kowane ɗaya ya isa ɗalibi ya yi digiri a kansa.

Lalurorin Magana

Yanzu bari mu koma ga marasa lafiya. Zan ɗauki lalura uku da kowa a nan ya taɓa gani.

Ta farko ita ce irin ta baffana. A 1861 wani likita a Faransa, Paul Broca, ya duba wani majinyaci mai suna Leborgne, wanda ya shekara 21 ba ya iya furta komai sai gaɓa ɗaya, "tan". Da ya rasu aka duba ƙwaƙwalwarsa, sai aka tarar da rauni a gaban ɓarinta na hagu. A 1874 Carl Wernicke a Jamus ya bayyana wani wurin, can baya kusa da kunne, wanda idan ya lalace magana takan zuba amma babu ma'ana, fahimta kuma ta yi rauni. An adana ƙwaƙwalwar Leborgne a Paris ba a yanka ta ba, kuma a 2007 Nina Dronkers da abokan aikinta suka buga hotonta na maganaɗisu. Sai ga shi raunin ya nutsa ciki ƙwarai, ya yanke zaruruwan da ke sadar da saƙo tsakanin gaba da baya. Ashe magana ba ɗaki ɗaya take da shi a ƙwaƙwalwa ba, unguwanni ne da hanyoyi a tsakaninsu, kuma yankewar hanya daidai take da rushewar gida.

Abin da yakan jawo wannan shi ne toshewa ko fashewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, kuma hawan jini shi ne babban dalili. Yara masu ciwon sikila ma suna cikin haɗarin. Da yake ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa ɓarin dama na jiki, shi ya sa hannun dama da magana sukan tafi tare. Kusan ɗaya cikin uku na waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye sukan sami matsalar harshe. Hoton maganaɗisu yana nuna wurin da jini ya yanke tun cikin mintocin farko. Maganin narkar da gudan jini kuwa a cikin awa huɗu da rabi na farko aka saba ba da shi, bayan hoto ya tabbatar ba fashewa ba ce. Mu sai da muka kwana da yawa muna turare kafin mu nemi mota.

Ta biyu ita ce in'ina. A ajinmu na firamare akwai yaron da ya fi mu duka lissafi, amma idan aka ce ya tashi ya yi karatu sai harafin farko ya maƙale, aji ya fashe da dariya, wani lokaci har da bulala, wai ganganci ne. Bai gama makaranta ba. Kimanin yara 5 cikin 100 sukan yi in'ina a wani lokaci, mafi yawansu ta sake su, ta zauna wa kimanin mutum 1 cikin 100, kuma a cikin manya maza sun ninka mata kusan sau huɗu. A 2002 Martin Sommer da abokansa a Jamus suka buga a mujallar Lancet cewa hoton maganaɗisu ya nuna rauni a zaruruwan da ke ƙarƙashin wurin da ke sarrafa harshe da maƙwallato, a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwar masu in'ina. Akwai kuma wani salon hoton, wanda ya samo asali daga binciken Seiji Ogawa na 1990, mai nuna inda jini ke ƙaruwa yayin da ƙwaƙwalwa ke aiki. Shi ma ya nuna ɓarin dama na masu in'ina yana shiga aikin magana fiye da kima. Binciken jinin wasu zuri'o'i a Pakistan da Kamaru ya tabbatar akwai gado a ciki.

Kun ga mun komo kan lugude. Mai in'ina ya san kalmar, gaɓoɓinsa lafiya lau, saƙon lokaci ne yake yi masa gardama. Dalili ke nan da ya sa abokin nan nawa, idan muka haɗa murya a makarantar allo, ko ana waƙa, ba ya ko tuntuɓe: ya sami kari daga waje ya bi. In'ina ba wauta ba ce, ba tsoro ne asalinta ba, kuma bulala ƙara ta take yi. Ya ishe mu tunani cewa Annabi Musa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙi a warware masa ƙullin harshe, bai kuwa rage masa daraja ba.

Ta uku ita ce magana ta hanci. Hanɗa ƙyaure ce tsakanin baki da hanci. Tana sauka a m da n, tana tashi ta rufe a sauran baƙaƙe. Idan ba ta rufe ba, baki ya koma kamar maki, dama ta koma kamar nama, ƙ kuwa ta rasa ƙarfinta, kamar famfon da ya huje. Wannan yakan sami yaran da aka haifa da tsagar leɓe ko ganɗa, kimanin 1 cikin 700 a duniya, da waɗanda cutar noma ta zaizaye musu baki, irin waɗanda ake yi wa aiki a asibitin noma na Sakkwato tun 1999. Yakan kuma sami yaron da aka zarce wajen cire masa beli, ƙarfe ya taɓa hanɗa. Ina girmama wanzamai, amma gaskiya ɗaya ce: beli ba cuta ba ne, kuma cire shi yana jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Hoton maganaɗisu yana nuna tsawon hanɗa, da tsokar da ke ɗaga ta, da girman kafar da ta rage, don likita ya san irin ɗinkin da zai yi, ba tare da an haska yaro da eksire ko an zura masa bututu a hanci ba.

Iyakar Na'urar da Halin da Muke Ciki

Kada in bar ku da zaton na'urar ba ta da aibi. A kwance ake magana a cikinta, alhali mutane a zaune ko a tsaye suke hira. Tana da ƙara mai tsanani, sai an toshe kunne, sai kuma an tace muryar da aka ɗauka. Haƙora ba sa fitowa sosai. Karkarwar tantanin maƙwallato, wadda ta wuce sau 100 a sakan ga namiji, kusan 200 ga mace, ta fi ƙarfin saurinta. Wanda ke da wani ƙarfe a jiki tilas ya faɗa kafin ya kusance ta. Fiye da duka, hoto ba magani ba ne. Mai in'ina ba ya bukatar a ɗauki hoton kansa kafin a taimake shi. Amfanin hoton shi ne ya koya wa masu magani abin da za su yi.

Ga kuma tsada. Babbar na'ura tana bukatar wutar da ba ta yankewa, da ruwan iskar hiliyom mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifiri. Wani ƙidaya da Godwin Ogbole na Jami'ar Ibadan da abokansa suka buga a 2018 ya sami na'ura 84 a Afirka ta Yamma, 58 daga ciki a Nijeriya, mafi yawansu masu ƙaramin ƙarfi. Amma akwai abin ƙarfafa gwiwa. Babban maganaɗisu yakan murguɗa hoto a inda iska ta haɗu da tsoka, wanda kuwa nan ne mai nazarin furuci ya fi so ya gani. Saboda haka masu bincike a Kalifoniya suka koma ga sabuwar na'ura mai tesla 0.55, suka sami hoton magana mai kyau. Ƙarfi ba shi ne komai ba a wannan fage.

Kammalawa

Me ya rage mana? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mafi yawan ma'aunan da ake gwada lalurar magana da su, don Turanci aka tsara su. A Turanci, yaron da ke maƙale murya a maƙogwaro wajen furta baƙi ana lissafa masa kuskure. A Hausa kuwa hamza baƙi ce mai zaman kanta, ita ce a tsakiyar sa'a da ba'a, kuma maƙale muryar shi ne adon ɓ da ɗ. Ma'aunin Turanci ba ya tambayar ko majinyaci ya rasa karin sauti, alhali binciken Jack Gandour a kan masu harshen Tailan ya nuna raunin ɓarin hagu yana taɓa shi. Ba za a gane karkataccen furucin Hausa ba sai an auna miƙaƙƙensa.

Saboda haka ina da roƙo huɗu. Ga jami'a: Jami'ar Ahmadu Bello tana da masana Hausa a Samaru, tana da likitocin hoto a asibitin koyarwa na Shika, tsakaninsu tafiyar 'yan mintoci. Su zauna tare su ɗauki hoton furucin Zazzagawa da Kanawa da Katsinawa da Sakkwatawa, kada ya zama sai an je Kalifoniya za a san yadda muke cewa ɓera. Ga masu horar da ma'aikatan lafiya, musamman a Makarfi: a koya wa ɗalibai gane lalurorin nan uku da sanin inda za a tura mai su. Ga ma'aikatan ƙananan hukumomin Kudan da Makarfi da Ikara: a yawaita awon hawan jini a kasuwanni da ɗakunan shan magani, a zauna da sarakunan aska a kan batun beli cikin mutunci, a kuma sanar da kowane gida cewa karkacewar baki, da mutuwar hannu, da sarƙewar magana farat ɗaya, alamu ne na a nemi mota nan take. Ga malaman makaranta: yaro mai in'ina a ba shi lokaci, kada a ƙarasa masa kalma, kada a bari a yi masa dariya.

Baffana ya rayu shekara shida da kalmarsa ɗaya. A ƙarshe iyalinsa sun koyi jin bambancin "to" ta yarda da "to" ta ƙi, suka daina magana a kansa kamar ba ya wurin. Da mun san abin da na faɗa muku yau, da tun ranar farko muka yi haka, da kuma tun asubar nan muka kama hanyar Zariya.